Karen Gwaggo Hannatu

Ishaya, Ladi, da kai Bulus autana, akwai wata magana da kuka daɗe kuna faɗi a kaina, ni kuma na daɗe ina jin daɗinta ina yin shiru. Duk lokacin da aka taru, ko Kirsimeti ko bikin wani, sai ɗayanku ya jawo labarin yadda Mama ta ɗauko Gwaggo Hannatu daga Muchia ta kawo ta Samaru, ta riƙe ta har ƙarshen ranta. Kai Ishaya har a gaban surukanka ka faɗa, kana cewa ba kowace mace ce za ta riƙe yayar mijinta bayan mijin ya rasu ba. Na sunkuyar da kai ranar, kuka ɗauka tawali'u ne. Kunya ce ta hana ni ɗagowa. Yanzu gwiwoyina sun hana ni zuwa ko'ina, ba abin da nake da shi sai lokaci da biro, don haka zan gaya muku yadda aka yi tun daga farko.

Kun san Gwaggonku tana tsohuwa, idonta ya yi yana, tana tafiya tana laluben bango. Ni na san ta da ƙarfinta. Ita ce ta riƙe babanku tun yana ɗan shekara shida, bayan iyayensu sun rasu. Ƙosai da koko take sayarwa kusa da tasha a Sabon Gari, da wannan kaskon ta sa shi makaranta har ya zama malamin da kuka sani a Samaru. 'Ya'yanta biyu sun rasu suna ƙanana, mijinta ma bai yi tsawon rai ba, babanku ne ɗanta, shi ne kuma ƙaninta. Ni tana kirana matarmu, ni ina kiranta Yaya. Ba mu taɓa yin faɗa ba, amma ba zan ce mun shaƙu ba. Takan ɗanɗani tuwona ta ce tuwon 'yan boko ne, in yi dariyar yaƙe, in koma ɗaki in cika in batse. A lokacin ni ce shugabar makarantar firamare, na saba in yi magana a miƙe tsaye a saurare ni, ban saba a gyara mini tuwo ba.

Kowace Asabar da hantsi babanku yakan ɗauki makullin mota ya ce zai leƙa Yaya. Bai taɓa gaya mini abin da yake kai mata ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Amma ina da ido. Ina ganin bayan motar ya yi ƙasa, ina jin ƙanshin busasshen kifi a rigarsa in ya dawo. Masara ce, da wake, da manja, da ɗan abin miya. Na faɗi wannan ne don kada wani cikinku ya wanke ni ya ce Mama ba ta sani ba. Na sani sarai. Abin da na yi shi ne na ajiye sanin a wani lungu na zuciyata inda ba na leƙawa.

Kyaftin kuwa kun san shi. Wani abokin aikin babanku ne ya bar mana shi da zai koma ƙasarsu, ƙaton kare mai baƙin baya da kunnuwa a tsaye. Babanku ya sa masa wannan suna don in za a fita shi ke shiga gaba, yana waiwayowa ya ga ko ana biye da shi. Muddin babanku na da rai, Kyaftin sauran tuwo yake ci da ƙashi, yana kuma ƙiba abinsa. Ranar da muka dawo daga jana'iza sai ya shige ƙarƙashin motar ya kwanta. Kwana huɗu bai taɓa abinci ba. Ku kuka watse, kai Ishaya ka koma Abuja, ke Ladi Jos, Bulus yana hidimar ƙasa a kudu. Masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Gidan ya rage daga ni sai karen da ke jiran mutumin da ni ma nake jira. Na durƙusa kusa da motar ina lallashinsa ina kuka, na ce a raina wannan ba zai mutu a hannuna ba.

Na kai shi asibitin dabbobi. Likitar, wata yarinya mai hankali, ta ce in riƙa dafa masa shinkafa da hanta na 'yan makonni har cikinsa ya dawo, kada in sa gishiri, kada in sa barkono ko albasa. Na 'yan makonni ta ce. Ni na mai da shi dokar rayuwa. Na saya masa tukunyarsa daban, da sabulun wankansa, da tawul ɗinsa. Tabarmar babanku ta zama tasa, in zafi ya yi yawa fanka ta koma wajensa ni in yi fifita. Kowace Asabar da hantsi, daidai lokacin da babanku yake fita, sai in ɗauki makullin nan in nufi kasuwar Sabon Gari in sayo hanta da ƙoda. Mahauta suka san ni, tun daga nesa suke ɗaga wuƙa suna kiran Maman Kyaftin, ni ko a jikina, har daɗi nake ji. A hanyar dawowa nakan wuce kwanar da ke shiga Muchia, in kalle ta, in ce wani satin.

Wata rana bayan taron zumuntar mata, wata ƙawata da ta rako ni gida ta tarar ina goge wa Kyaftin ƙafa da tawul. Ta riƙe haɓa.

"Rifkatu, karen nan naki ya fi 'ya'yan mutane da yawa gata a garin nan."

"Shi ba ya sa ido a kan abin da ba nasa ba," na ce mata.

Na ji daɗin amsar tawa har kwana biyu ina maimaita ta a raina.

Gwaggonku nakan kira ta a waya jefi-jefi. In ce, Yaya ya jiki, ya gida? Ta ce lafiya lau matarmu, mun gode Allah. Ni 'yar ƙauye ce kafin in zama 'yar boko, na san babba ba ya buɗe baki ya ce wa matar ƙaninsa yana jin yunwa, ko da kuwa hanjinsa zai tsinke. Na san wannan lafiya lau gaisuwa ce kawai, wanda yake son sanin gaskiya shiga ɗaki yake yi ya ɗaga murfin tukunya. Amma sai na karɓi gaisuwar a matsayin labari, in kashe waya in ce Yaya tana lafiya. A shekarar nan kuwa kun tuna yadda kayan abinci suka yi tashin da har masu albashi suka fara auna shinkafa da gwangwanin madara.

Wata huɗu bayan rasuwar babanku sai ga ta a ƙofar gida da rana tsaka, ta sha zanenta na zuwa coci, ƙafarta duk ƙura. Daga bakin titi ta tako. Na yi mata sannu, na kawo mata shayi da burodi yanka biyu, ta cinye har da tsince ɓurɓushin da ya zuba a cinyarta. Na gani, na ce tsufa ne. Muna zaune a barandar baya Kyaftin ya gama cin abincinsa, ya bar kusan rabi, ya koma tabarma. Na ɗauki kwanon na nufi kwandon shara.

"Zubarwa za ki yi, matarmu?"

"Ba ya cin kwantai, Yaya. In ya bari ya bari ke nan."

Ta zuba wa kwanon ido, ko in ce tana kallon inda take jin ƙanshinsa. Can ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"Ai ni ma na yi kare yanzu."

"Ke, Yaya? Ke da kike cewa a ɗaure abin nan kafin ki shigo?"

"Shigowa ya yi da kansa. Wani ɗan ja ne, ramamme. Ya zauna a ƙofata ya ƙi tafiya. In ba damuwa ki riƙa ajiye masa irin wannan."

"Wane suna kika sa masa?"

Ta ɗan jima kafin ta ce, "Baƙo."

Ku ji wauta. Murna na yi. Na ce a raina yau dai ni da Yaya mun sami abin da ya haɗa mu, yau ta gane abin da nake ji. Na samo wata roba mai murfi, ruwan ɗorawa, na kwashe mata sauran daga cikin kwanon Kyaftin, wanda ya sa baki a ciki ya lashe gefensa. Na raka ta bakin titi ina ba ta darasin yadda ake kiwon kare, tana ta cewa to, to.

Daga nan muka tsara. Duk abin da Kyaftin ya rage a sati in kwashe in zuba a roba in sa a firji. Ranar Asabar in na sayo hanta sai in shiga kwanar Muchia, in tsaya a bakin lungunsu in danna hon. Ita kuma ta fito tana laluben bango, ta miƙo mini robar satin da ya wuce ta tagar mota, in miƙa mata sabuwa. Ban taɓa kashe motar ba. Ina da dalilai masu kyau, lungun akwai kwata, ga hanta a bayan mota kada zafi ya lalata ta, ga Kyaftin shi kaɗai a gida. Daga inda nake tsayawa zuwa ƙofar ɗakinta bai fi taku talatin ba. In na tambayi Baƙo sai ta ce ya tafi yawo, karen titi ne ba ya zama. Har nakan yi fahariya a raina cewa na ci gaba da zuwa wajen Yaya ranar Asabar kamar yadda babanku yake yi.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Robar nan ba ta taɓa dawo mini fanko ba. A wanke take dawowa tas, a bushe, kuma da wani abu a ciki. Yau ƙullin daddawa, wani satin gyaɗa cikin tafin hannu, wani satin busasshiyar kuɓewa, sau ɗaya lemun tsami guda uku. Ladi, ke na koya wa wannan da bakina, kamar yadda uwata ta koya mini, cewa in an aiko miki da abinci ba a mai da kwano haka nan, ko gishiri ne ki ƙulla ki sa, don wanda ya ciyar da ke ya san kin ci kin gode. Mutum ne yake yi wa mutum wannan. Ba wanda yake wanke mazubin sauran abincin kare ya sa daddawa a ciki don karensa ya ji daɗi. Kowace Asabar matar nan tana gaya mini gaskiya da harshen da na fi kowa sani, ni kuma in buɗe robar in ce kai Yaya da al'ada, in jefa ƙullin a cikin durowar kicin in rufe.

Sau ɗaya ta kusa faɗa mini da baki. Ta karɓi robar, ta tsaya ba ta juya ba.

"Matarmu, da za ki riƙa ɗan sa gishiri. Nawa karen yana son gishiri."

"Haba Yaya! Gishiri yana lalata musu ƙoda. Likita ce ta faɗa. Kada ki saba masa, ke dai ba shi haka nan."

"To. Ku ne kuka yi karatu."

Na ja mota ina girgiza kai, ina tausayin jahilci.

Haka muka yi wata biyar. Da lokacin ba Kyaftin maganin tsutsar ciki ya yi, sai na tuna da Baƙo, karen titi mai cin abin bola. Na roƙi likitar ta ƙara mini nasa. Ta tambaye ni girmansa, na kwatanta mata da hannu karen da ban taɓa gani ba. Ta ce in kawo shi ta duba, na ce ba ya kamuwa. Na daka ƙwayoyin a ƙaramin turmi na gauraya cikin shinkafar satin nan, ina jin kaina mai alheri. Ranar Asabar na danna hon, ta fito.

"Yaya, na sa wa Baƙo maganin tsutsa a ciki. Ki tabbata ya cinye."

Hannunta ya tsaya a kan murfin.

"A gefe ɗaya kika sa?"

"A'a, duka na gauraya, don kada ya ji ɗacin ya tsince."

"Duka," ta ce. Ta rungume robar a ƙirjinta. "To. Allah ya saka da alheri."

Na ga fuskarta ranar. Ina ganinta har yau in na rufe ido. Na ce a raina rana ce ta dame ta.

Asabar ta gaba na danna hon sau uku ba ta fito ba. Sai ga wata mata kakkaura ta taho da sauri, hannunta duk kumfar wanki. Mama Ngozi ce, maƙwabciyar ɗakinta, mai sayar da garin rogo a kasuwa. A Sabon Gari ta girma, Hausarta ta fi ta wasunmu kaifi. Ba ta gaishe ni ba. Ta dafa ƙofar motar.

"Madam, kashe motar nan ki sauko."

"Lafiya? Ina Yaya? Ko Baƙo ne ya yi wani abu?"

"Wane Baƙo? Shekara goma sha biyu ina gidan nan, kaza ma Mama ba ta da ita. Ki sauko, na ce."

A cikin takun talatin ɗin nan ta gaya mini komai, ba ta rage murya ba. Tun da babanku ya rasu buhun masara ya ƙare, ya ƙare ke nan. Idon Gwaggonku ya hana ta zama gaban kasko. Maƙwabta in sun kawo mata abinci sai ta ɗiba kaɗan ta mayar, ta ce tana da dangi a Samaru, matar ƙaninta tana kawo mata shinkafa da hanta kowane sati. Duk gidan sun san ni, suna sa mini albarka, in sun ji hon sai su ce ga matar kirki ta zo. Gwaggonku takan raba abin da ke cikin robar gida bakwai, ta ɗumama kowace rana da gishiri da barkono. Ranar Asabar ɗin can Mama Ngozi ta tarar da ita tana wanke dafaffiyar shinkafa da ruwa, ta tace, ta sake wankewa, ta tsince hantar tana ɗauraya ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye ta, ta ce tsakuwa ce a ciki. Ta dafa ta ci. Kwana uku tana amai da gudawa, sai da aka kira mai kemis ya sa mata ruwa. Da ya matsa sai an gaya masa abin da ta ci ne ta faɗa, bayan ta sa sun yi mata alkawarin ba za su gaya mini ba.

"Ni ban yi alkawari ba," in ji Mama Ngozi. "Ni kai kawai na kaɗa."

Na shiga ɗakin. Rabona da shi tun babanku na da rai. Komai a share, komai a wurinsa, hotonsa na ranar da ya gama jami'a yana rataye. A bayan ƙofa buhun masarar nan ne a ninke, an ɗora dutse a kai. Na ɗaga murfin tukunya, abin da ya kamata in yi tun wata tara da suka wuce. Ba komai ciki. Gwaggonku tana kwance a tabarma, ta zama rabin yadda na san ta. Ta ji takuna ta yunƙura za ta tashi, tana jawo zane ta rufe ƙafafunta.

"Matarmu, yau kin shigo? Ga ɗakin ba a kintsa ba."

Na durƙusa a gabanta. Na kama ƙafarta na ce, "Yaya, ki yi mini..."

"A'a." Ta janye ƙafar. "Tashi. Kina matar malami kina durƙuso a ƙasa. Zauna a kujera."

Na zauna. Mama Ngozi tana tsaye a ƙofa ta harɗe hannu. Can Gwaggonku ta juya fuskarta bango.

"Baƙo ya gudu," ta ce. "Tun shekaranjiya. Ina jin maganin nan ne bai yi masa ba. Kada ki ƙara wahalar da kanki."

A nan ne na yanke shawarar da nake ɗauke da ita har yau. Zan iya cewa Yaya na san komai, ba wani kare, ki gafarce ni, in yi kukana in sami sauƙi. Amma na ga abin da take roƙona. Karen nan da babu shi, shi ne suturar da ta rage mata a gabana, in na yaye shi don in ji sanyi a raina, na ƙara mata wani cin mutuncin a kan na farko. Sai na haɗiye.

"Tunda ya gudu, Yaya, ba abin da ya riƙe ki a nan. Gidan can ya yi mini girma. Ba ni da wanda zan yi magana da shi sai kare. Ki zo ki taya ni zama."

Ta juyo da fuskarta gare ni.

"In don ke ne, to. Bai kamata a bar mace ita kaɗai a gida ba."

Muka tattara kayanta, ba su cika bayan motar ba. Na ture ledar hanta gefe na sa akwatinta. Har mun zaunar da ita sai ta ce Mama Ngozi ta koma ta ɗauko robar matarmu. Aka kawo, a wanke tas kamar kullum. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ki yi haƙuri, wannan karon ban sami abin sa miki a ciki ba."

Ban san yadda na tuƙa motar nan har Samaru ba. Na dai tuna na tsaya a Palladan na kifa kaina a kan sitiyari, ta dafa kafaɗata ta ce ko rana ce ta dame ni.

Da yammar nan na tuƙa mata tuwon masara. Na buɗe durowar kicin neman wuƙa, sai ga ƙulle-ƙullen daddawarta a jibge, wasu sun yi fumfuna. Matar da ke raba sauran abincin kare gida bakwai ce take cire wannan daga bakinta ta aiko mini. Da mai kyan ciki na kaɗa miyar kuka. Ta kai loma ɗaya, ta tauna a hankali, ta ce gishiri ya ji. Ba ta ƙara kiran tuwona na 'yan boko ba, ni kuwa da ta kira da na fi jin daɗi.

Kyaftin fa sai na tsane shi. Ban iya kallonsa, ban iya jin ƙanshin hanta a wuta. Na mai da shi kan sauran tuwo, ya yi fushin kwana biyu ya koma ci kamar da, lafiyarsa ƙalau. Amma duk da haka ganinsa yana tsaya mini a wuya. Na yi magana da wani mai gona a bayan Samaru da ke neman karen gadi, muka sa ranar da zai zo ya tafi da shi. Da safen ranar ina tattara sarƙarsa da kwanonsa a baranda, Gwaggonku ta ji ƙarar sarƙar.

"Ina za a kai shi?"

"Gona, Yaya. Na gaji da hidimarsa."

"Me ya yi miki?"

Na ci gaba da naɗe sarƙar. Ta miƙa hannu, shi kuwa ya taso ya sa kansa a tafinta, matar da a da ba ta shiga gidan sai an ɗaure shi.

"Bar shi, matarmu. Duk Samaru shi kaɗai ne yake ci ya rage mini."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana shafa kunnensa ne. Wannan ne karo ɗaya tak da ta taɓa maganar, daga ranar har ta koma ga Ubangiji bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Na aika wa mai gonar ya yi haƙuri. Kyaftin ya zauna, kuma da gaskiyarta, ba abin da ya yi. Kare ne, an ba shi ya ci, ya ƙoshi ya bari. Ban ga laifin wanda ya so dabbarsa ba har gobe. Ni dai na san abin da na yi da nawa son, na shige cikinsa na rufe ƙofa, don shi ba ya buƙatar in sauko daga mota.

Kirsimetin shekarar nan duk kun zo. Kun tuna Gwaggo tana zaune a baranda, tana ciro naman miyarta tana raba shi biyu, tana ce wa Kyaftin zo nan abokin kwanona. Kuka yi ta dariya, Bulus har ya ɗauke su hoto, ke Ladi kika ce Mama ta koya wa Gwaggo ɓata kare. Na ce hayaƙi ne ya shiga idona, na koma kicin. A wajen jana'izarta fasto ya ambaci sunana a gaban jama'a, ya ce mata su yi koyi da ni. Mama Ngozi tana layi na uku, ta dube ni, na dubi ƙasa. Ba ta taɓa tona ni ba, ni ma ban tona kaina ba, na karɓi yabon na tafi da shi gida.

Gafarar da na so roƙa a ɗakin nan ban roƙe ta ba, Gwaggonku ba ta bari ba, yanzu kuma ba wanda zan roƙa. Na yi shiru tana da rai don ita. Shirun da na yi bayan ta rasu don kaina na yi shi, shi ne nake karyawa yau. In za ku sake ba da labarin nan a gaban surukai ko jikoki, ku fara daga hon ɗin da nake dannawa a bakin lungu, ku sa Mama Ngozi a ciki. Hoton nan na Bulus ku sake dubansa da kyau.

Ladi, robar nan mai ruwan ɗorawa da ke saman kabad, wadda duk zuwanki sai kin ce a yar da ita don murfinta ya tsage, ita ce. Kada ki yar. Akwai ƙullin daddawa ɗaya a ciki, ni na sa.